Iyali da Ma'aikata a Gidajen Tsofaffi na Ingila: Daga Dokar Matalauta Zuwa Haƙƙin Ziyara

A Ingila, gidan kula da tsofaffi wuri ne da mutum ke komawa da zama idan tsufa ko ciwo suka kai shi ga kasa kula da kansa, 'yan uwansa kuma ba su da halin riƙe shi a gida, inda ma'aikatan da ake biya albashi ke ɗaukar nauyin wankansa da cinsa da maganinsa dare da rana. Binciken da hukumar sa ido kan gasa a kasuwannin Birtaniya ta fitar a 2017 ya nuna cewa akwai irin waɗannan gidaje kimanin 11,300 a faɗin Birtaniya, masu ɗauke da mutane wajen 410,000. Daga ranar da tsoho ya shiga ɗaya daga cikinsu, hidimarsa takan rabu tsakanin ɓangarori biyu da ba su taɓa sanin juna ba, wato iyalinsa, waɗanda suka san ko shi wane ne, da ma'aikata, waɗanda ke wuni suna kwana da lalurarsa. Jin daɗin ragowar kwanakinsa ya rataya ne a kan yadda waɗannan ɓangarori suka zauna da juna, tarihi kuwa ya nuna cewa tun asali an gina gidajen ne a kan ɗaukar iyali a matsayin bare, kuma duk wani gurbi da iyali suka samu daga baya sai da aka sha gwagwarmaya kafin a ba su shi.

Tushen al'amarin yana cikin Dokar Matalauta ta 1601, ta ƙarshen zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta ɗora wa kowace gundumar coci alhakin tallafa wa gajiyayyunta daga harajin da take tarawa, amma ta wajabta wa iyaye da kakanni da 'ya'ya masu hali su fara ciyar da nasu tukuna. Wannan sharaɗi ne ya sa hukuma ta fara kallon dangin tsoho a matsayin waɗanda ake bi bashi, domin duk tsohon da ya faɗo hannun gunduma, tambayar farko ita ce ko yana da ɗan da za a tilasta wa biya. Gyaran da aka yi wa dokar a 1834 ya haɗa gundumomi rukuni-rukuni a ƙarƙashin kwamitocin masu kula da matalauta, ya kuma sa kowane rukuni ya tanadi gidan aikin matalauta, wato katafaren gini da mabukaci ke shiga ya sami abinci da makwanci a bakin aikin ƙarfi da bin doka mai tsanani. Manufar ita ce zaman gidan ya fi rayuwar lebura mafi ƙarancin lada ɗaci, don kada mai jini a jika ya yi sha'awar shigarsa. Da tafiya ta yi nisa sai majiya ƙarfi suka ragu, gidajen suka cika da tsofaffi da marasa lafiya da marayu, waɗanda ba dominsu aka ƙirƙiro tsananin ba.

Abu na farko da gidan aikin matalauta ke yi wa iyali shi ne raba su. Ana kasa mazauna gida bakwai bisa jinsi da shekaru da ƙarfin jiki, kowane kashi da sashensa da farfajiyarsa, ta yadda miji da matar da suka yi shekara arba'in a ɗaki ɗaya za su rabu tun a bakin ƙofa, a karɓe tufafinsu a ba su na gida. Ƙorafi ya yi yawa har majalisa ta yanke a 1847 cewa kada a tilasta raba ma'auratan da dukansu suka haura shekara 60, ko da yake gidaje da dama ba su tanadi ɗakunan da za su sa hakan ya yiwu ba. Ita ma ziyara tana da ƙa'idarta a cikin umarnin da aka fitar a wannan shekarar: mai ziyara ba ya ganin ɗan uwansa sai da izinin shugaban gidan, a wani ɗaki na daban, kuma a gaban shugaban ko shugabar sashen mata ko mai gadi. 'Yar da ta baro aikin masaƙa ta zo ganin mahaifiyarta takan zauna ne da ido na uku a kanta, ba ta da ikon leƙa makwancin uwar, uwar kuma ba ta da damar faɗin abin da ke damunta ba tare da wanda za ta kwana a hannunsa ya ji ba.

Su kansu masu jinyar ba ma'aikata ba ne a ma'anar yau. Shekaru da dama, matan da ke cikin mazauna gidan ne ake sa wa jinyar sauran mazauna, yawancinsu tsofaffi marasa horo, ladansu kuma ɗan ƙarin abinci ko giya. Cikin mutanen waje da suka sami shiga da niyyar duba halin da ake ciki akwai masu aikin sa kai, irin su Louisa Twining, wadda ta kafa ƙungiyar ziyarar gidajen matalauta a 1858. A 1865 attajirin nan William Rathbone ya biya kuɗin kawo Agnes Jones da ma'aikatan jinya 12 da aka horar a makarantar Florence Nightingale zuwa asibitin gidan matalauta na Liverpool, inda Jones ta yi aiki har zazzaɓin taifus ya kashe ta a 1868. Sai a 1897 aka hana sa mazauna gida aikin jinya. Horarrun ma'aikata sun kawo tsabta da tsari, kuma sun ceci rayuka masu yawa, amma sun zo da al'adar asibiti, wadda ke ganin ɗakin majinyata hurumin mai sana'a ne, dangi kuwa baƙi ne da ake kaɗa wa ƙararrawa idan lokacinsu ya cika.

Tsoron gidan aikin matalauta ya ratsa zukatan talakawan Ingila har ya zama abin gado, barin uwa ko uba su ƙare a can kuwa abin kunya ne da ke bin zuri'a. Dokar fansho ta 1908, wadda ta ba masu shekara 70 marasa hali sule biyar a mako daga Janairun 1909, ta taimaka wa iyalai da dama su riƙe tsofaffinsu, domin tsohuwa mai ɗan abin hannu ba ta zama nauyi tsantsa a gidan ɗanta. An rushe kwamitocin masu kula da matalauta a 1930, aka miƙa gine-ginen ga ƙananan hukumomi da sabon suna, amma bango da ma'aikata da ɗabi'u duk suna nan. Likita Marjory Warren, wadda a 1935 aka damƙa wa majinyata 714 na wani tsohon asibitin matalauta a Isleworth da ke yammacin Landan, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta gano cewa da yawa an kwantar da su ne shekaru ba tare da an binciki ciwonsu ba, ta tayar da su, ta mayar da wasu gida. Aikinta ya zama harsashin fannin likitancin tsofaffi a Birtaniya, ya kuma nuna cewa ƙofar irin wannan gida tana iya buɗewa ta waje.

Babban sauyi a doka ya zo ne da Dokar Tallafin Ƙasa ta 1948, wadda ta soke Dokar Matalauta, ta kuma cire wa 'ya'ya wajibcin biyan kuɗin ciyar da iyayensu, abin da ya kawo ƙarshen zaman bashi na shekara 347 tsakanin hukuma da dangi. Sashe na uku na dokar ya umarci ƙananan hukumomi su tanadi wurin zama ga tsofaffi da masu rauni, ministan lafiya Aneurin Bevan kuma ya yi fatan ganin ƙananan gidaje masu ɗaukar mutum 25 zuwa 30, inda mazaunin zai biya kuɗin zamansa daga fanshonsa. Ma'aikatar lafiya ta bayyana burinta da cewa dangantakar shugaba da fursunan talauci za ta koma irin ta manajan otal da baƙonsa. Kyakkyawan buri ne, amma ko a cikinsa ba a ambaci iyali ba, an yi tunanin mutum biyu ne kawai, mai gida da mazauni. Ƙarancin kuɗi da kayan gini bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya sa dubban tsofaffi suka ci gaba da zama a tsoffin gine-ginen nan da suka taso suna tsoro.

Masanin zamantakewa Peter Townsend ne ya fito da wannan gaskiya fili. Tun a 1957 ya wallafa nazarin da ya yi a unguwar Bethnal Green ta gabashin Landan, inda ya nuna cewa akasarin tsofaffi na rayuwa ne cikin hidimar 'ya'yansu, musamman mata, da ke zaune kusa da su. Daga nan shi da abokan aikinsa suka zagaya gidaje 173 a Ingila da Wales, sakamakon kuma ya fito a 1962 a littafinsa The Last Refuge. Ya tarar da ɗakunan kwana na mutane da yawa, da tufafin da ba na kowa ba ne, da mazauna masu wuni a jere kan kujeru ba mai magana da wani. Ya kuma lura cewa waɗanda ba su taɓa aure ba da marasa 'ya'ya sun fi yawa a gidajen nesa da yadda suke a cikin jama'a, abin da ya ƙaryata zargin da ake yi na cewa iyalai ne ke jibge tsofaffinsu su gudu. Ga masu dangin kuwa, nisan wuri da ƙayyadadden lokacin ziyara da rashin ɗakin ganawa suna tsinka zumuncin a hankali.

Bayan shekara uku sai wata mai ziyara ta girgiza tsarin gaba ɗaya. A 1965 Barbara Robb ta je duba wata tsohuwa da ta sani a asibitin Friern da ke arewacin Landan, ta ga yadda ake raba tsofaffi da tabarau da haƙoran roba da na'urar ji, ta fara rubuta abin da take gani a kowace ziyara, sannan ta kafa ƙungiyar AEGIS don kare tsofaffin da ke cibiyoyin gwamnati. Littafin da ta haɗa, Sans Everything, ya fito a 1967, kuma muhimmin abu game da shi shi ne cewa mafi yawan shaidun da ke ciki ma'aikatan jinya da jami'an walwala ne da suka gaji da yin shiru. Kwamitocin bincike na gwamnati sun yi watsi da akasarin zarge-zargen a 1968, amma rahoton asibitin Ely na Cardiff a 1969 ya tabbatar da irin wannan cin zarafi, aka kafa hukumar duba asibitocin dogon zama a wannan shekarar, aka kuma samar da ofishin sauraron koke-koken lafiya a 1973. Darasin da ya fito shi ne cewa mai ziyara mai ido da ma'aikaci mai tausayi abokan juna ne, kuma rufaffiyar ƙofa tana cutar da su duka.

Shekarun 1980 sun sake fasalin dangantakar ta wata fuska. Da gwamnati ta sassauta ƙa'idar biyan kuɗin gidaje masu zaman kansu daga asusun tallafi, sai kuɗin da ake kashewa ya tashi daga fam miliyan 10 a 1979 zuwa kusan fam biliyan 2.5 a 1993, gidajen 'yan kasuwa suka yawaita, asibitoci kuma suka rufe ɗakunan dogon zama. An yi dokar rajistar gidaje a 1984, tare da kundin ƙa'idoji da ya jaddada mutunci da sirri da 'yancin karɓar baƙi, wata doka ta 1990 da ta fara aiki sosai a 1993 kuma ta mayar da tantance bukata da biyan kuɗi hannun ƙananan hukumomi. Iyali suka wayi gari su ne masu zaɓen gida, su ne masu sa hannu a yarjejeniya, sau da yawa kuma su ne masu sayar da gidan mahaifinsu don biyan kuɗin kulawa. Wannan ya ba su bakin magana, amma ya shigo da zargi tsakaninsu da ma'aikata, domin wanda ke biyan kuɗi mai yawa yana sa ran hidima cikakkiya, alhali wadda ke yin hidimar tana karɓar albashi kusa da mafi ƙaranci da doka ta yarda. A 1992 Dorothy White, tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati da mahaifiyarta ta zauna a irin wannan gida, ta kafa ƙungiyar dangin mazauna don ba su shawara da murya ɗaya.

Saɓanin da ke tasowa tsakanin ɓangarorin biyu kan faro ne daga ƙananan abubuwa. 'Yar da ta yi shekaru tana jinyar mahaifiyarta a gida takan zo ta tarar an sa mata rigar wata, ko an taje mata kai ba yadda ta saba ba, ko shayinta ya huce a gefe saboda ba wanda ya san sai an miƙa mata kofin a hannun hagu take iya ɗauka. A wurin ma'aikaciyar da ke da jerin mutanen da za ta yi wa wanka kafin ƙarfe goma, waɗannan ba su kai matsayin kuskure ba. A wurin 'yar kuwa, alama ce ta cewa ana shafe mahaifiyarta tun tana raye, ga kuma nauyin zuciya na ganin kamar ita ce ta kasa. Binciken da Barbara Bowers ta wallafa a Amurka a 1988 ya fayyace wannan, inda ya nuna cewa dangi na barin aikin fasaha ga ma'aikata, amma suna ɗaukar kansu masu alhakin kiyaye mutuncin tsohon da kamanninsa na da, suna kuma auna ingancin kulawa da yadda ma'aikata suka karɓi wannan ilimi nasu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo, kuma abin da iyali suka sani game da tsohonsu ba ya cikin takardar likita.

Wannan ilimi ya ƙara daraja yayin da masu gigin tsufa, wato masu cututtukan ƙwaƙwalwa da ke cinye tunani da magana sannu a hankali, suka zama mafi rinjaye a gidajen, domin wanda ba ya iya ba da labarin kansa yana bukatar mai ba da shi a madadinsa. Tom Kitwood na Jami'ar Bradford ya yi kira, musamman a littafinsa na 1997, da a riƙa kallon mutum kafin a kalli cutarsa, daga nan aka soma tambayar dangi tarihin mazaunin da sana'arsa da abin da yake so da wanda ba ya so. Mike Nolan da abokan aikinsa a Jami'ar Sheffield suka faɗaɗa tunanin da cewa kulawa mai kyau ba ta samuwa sai mazauni da dangi da ma'aikata, su ukun, sun sami abubuwa shida: kwanciyar hankali, da jin cewa suna cikin jama'ar wurin, da ci gaban abin da aka saba, da manufa, da ganin nasara, da sanin cewa suna da muhimmanci. Shirin My Home Life, da aka fara a 2006, ya kai wannan fahimta ga manajojin gidaje, dokar 2005 kan waɗanda ba sa iya yanke wa kansu shawara kuma ta wajabta tuntuɓar masu kula da mutum da makusantansa kafin a yanke hukunci a madadinsa.

Duk da haka, matsayin iyali ya ci gaba da dogara ne a kan halin manaja, ba a kan wani haƙƙi da za a iya kai ƙara a kansa ba. Binciken 2017 da aka ambata ya gano cewa mutane da yawa na tsoron yin ƙorafi don kada a hana su ziyara ko a ba tsohonsu takardar tashi. A gefe guda, a ƙarshen shekarun 2010 kimanin kashi 30 cikin 100 na ma'aikatan kulawa a Ingila ke barin wurin aikinsu kowace shekara, ma'ana dangi na gama sabawa da ma'aikaciya, su koya mata halin mahaifinsu, sai ta tafi a koma farko. A 2014 marubuciya Nicci Gerrard da ƙawarta Julia Jones suka kafa John's Campaign bayan rasuwar mahaifin Gerrard, wani likita mai gigin tsufa da ya lalace cikin makonni biyar a asibiti lokacin da aka taƙaita ziyara saboda ɓarkewar wata cuta. Bukatarsu ita ce a bar mai kula da mai gigin tsufa ya zauna tare da shi kamar yadda ake barin iyaye su zauna da yaro mara lafiya, ɗaruruwan asibitoci da gidaje kuma suka amsa bisa raɗin kansu.

Annobar korona ta nuna raunin abin da aka gina a kan raɗin kai. A watan Maris na 2020 gidajen suka rufe ƙofofinsu don kare mazauna daga cutar da ke kashe tsofaffi fiye da kowa, dangi suka koma gaisuwa ta bayan gilashin taga ko ta wayar bidiyo, wanda mai gigin tsufa sau da yawa ba ya ganewa. Mazauna da dama suka rame, wasu suka daina magana, wasu suka rasu ba ɗan uwa a kusa, ma'aikata kuwa, waɗanda wasunsu suka tare a gidajen makonni don kada su shigo da cutar, su ne suka riƙe hannun masu cikawa. A ranar 8 ga Maris 2021 aka sake yarda mutum ɗaya da aka ambata da suna ya riƙa shiga ciki a Ingila, aka kuma amince da matsayin mai kulawa na dole, wato ɗan uwan da hidimarsa ta zama wajibi ga lafiyar mazaunin, wanda ake yi wa gwaji a ba shi kayan kariya daidai da ma'aikata. Matsin lambar ƙungiyoyin dangi ya kai ga sabuwar ƙa'ida da ta fara aiki a watan Afrilun 2024, wadda ta sa sauƙaƙa ziyara ya zama ɗaya daga cikin sharuɗɗan da hukumar duba ingancin kulawa ke bin diddiginsu.

A daidai wannan lokaci fuskar ma'aikatan ta sauya. Ƙarancin hannu ya sa Birtaniya ta buɗe bizar aikin kulawa ga 'yan ƙasashen waje a watan Fabrairun 2022, Indiya da Nijeriya da Zimbabuwe kuma suka kasance a sahun gaba na ƙasashen da suka fi turo mutane. A watan Maris na 2024 aka hana sababbin masu zuwa tahowa da matansu ko mazajensu da 'ya'yansu, a 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga waje ta wannan hanya. Da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata sun fito ne daga al'ummomin da jinyar iyaye a gida take wajibi na addini da al'ada, suna kawo ladabi da haƙuri da tsofaffi, amma suna fuskantar bambancin lafazi da na abinci, wani lokaci har da wariyar launin fata daga mazauna ko danginsu, ga bizar da ke ɗaure su da mai gida ɗaya, wadda ke sa faɗin gaskiya ya yi musu tsada.

Cikin shekara 190 da suka biyo bayan 1834, dangin tsoho a Ingila sun tashi daga waɗanda ake bi bashi zuwa baƙin da ake sa wa ido, daga nan zuwa masu biyan kuɗi, har suka kai ga abokan hidima da doka ta san da su. Doka tana iya tabbatar da shiga, amma ba ta iya samar da amana, domin amana na bukatar ma'aikaciyar da za ta daɗe a wuri ɗaya har ta san mazaunin da 'ya'yansa, mai albashin da zai riƙe ta da lokacin da za ta tsaya ta saurara, tana kuma bukatar dangin da za su gane cewa wadda ke juya mahaifinsu a gado da tsakar dare ta san wani abu game da shi da su ba su sani ba. Saboda haka haƙƙin iyali da haƙƙin ma'aikata ba sa rabuwa, kuma duk ƙasar da ke shirin gina irin waɗannan gidaje, ko gyara waɗanda take da su, wajibi ne ta tanadi biyun tare tun daga farko, domin tsohon da ke tsakaninsu shi ne ke biyan farashin duk wanda aka tauye.